Kafin Kitson Ya Tsufa

Kan farko da aka yarda na taɓa na wata tsohuwa ne mai sayar da daddawa a cikin Birni, wadda gashinta duka bai cika tafin hannu ba. Gwaggona Ya Fanna, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni, ita ta zaunar da ni a kan turmi ta miƙo mini tsinke ta ce in tsaga. Na tsaga, ta ce ya karkace. Na sake, ta ce wannan ai hanyar awaki ce. Tsohuwa kuwa tuni ta yi barcinta a cinyata, har da yawu. Da muka gama, Gwaggo ba ta yaba layi ko ɗaya ba. Ta dubi tsohuwar ta ce, "To, ta yi barci. Za ki yi kitso."

Ku 'yan matan yanzu da kuke buɗe salon a kowane lungu na Damagaram, kun ɗauka kitso aikin yatsu ne kawai. Ku sayo meshi, gashin kanti, a leda, ku kalli hoto a waya, ku ce kun iya. Ban raina muku ba, wallahi hannunku ya fi namu sauri. Amma mace tana zaune a kujera, ku kuna tsaye a bayanta, kanta bai taɓa jikinku ba balle ku san abin da yake ciki. Ni Hajo na tsufa a wannan sana'a, da ita na ci, da ita na aurar da 'ya'yana, don haka ku bari in faɗa muku abin da na gani.

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba. Tsinken ƙarfe da maƙeri ya ƙera, matsefi na katako, ɗan kaskon man shanu, da garin karkashi na wanke kai. Sai turmi da za ki kife ki zauna, da tabarmar da mai kai za ta kishingiɗa. Da waɗannan muke yin shuku da doka da zane, da kitson Barebari wanda Gwaggo ta fi kowa iyawa a unguwarmu. Tsinken da take aiki da shi yana nan a ɗakina har yau, bakinsa ya siɗe saboda aiki.

Ƙa'ida ɗaya ta kafa mini wadda ba ta da afuwa: mai kitso ba ta saɓa rana. In kin ce wa mace Laraba, to ranar Talata za ta tsefe kanta ta wanke, ta zauna a ɗaki kai a tsefe. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ko mijinta ba ta so ya gan ta haka. In ba ki zo ba, kin ɗaure ta ba da igiya ba. Na sha ganin Gwaggo ta tafi kitso tana rawar ɗari da zazzaɓi, don kawai ta riga ta faɗi rana.

Sauran abin ba a koyar da shi da baki, cinya ce take koya. Kowace mace da yadda take ajiye kanta, kuma ba ki gane wannan sosai sai a kan zawarawa. Wata aurenta zai mutu, ta zo ta kwantar da kai, ta yi kukanta ta zagi mijin da danginsa, in an gama ta share ido ta tafi gidan uwarta. Irin wannan ba ta ba ni tsoro, kafin ta gama idda ta fara tambayar wace atamfa ake yayi. Akwai kuma wata matar ma'aikacin gwamnati da muke ce wa Madam. Ranar da aka sake ta, da dariyarta ta zo. Ta ce Allah raka taki gona, ita da ma ba ta taɓa dogara da ɗa namiji ba. Kowa ya yaba mata. Ni kuwa da nake riƙe da kan, wuyanta kamar taɓarya yake, ko sau ɗaya bai sauka a cinyata ba, kuma a ƙeyarta gashi ya fara zubewa wuri-wuri. Na ce, "Madam, kina barci kuwa?" Ta ce lafiyarta lau. Ba ta sake zuwa wurina ba, daga baya na ji ta koma Yamai tana fama da tansiyo, hawan jini.

Shekarar da fari ya kai mana iya wuya, gero ya ƙone a tsaye tun bai fid da kai ba. Mutanen ƙauyukan Durum da Hamdara suka yi ta shigowa gari da tabarmi a ka, suna kafa bukkoki a bayan unguwanni. Jar dawa ake rabawa, wadda a da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya ci. Man shanu ya ɓace, muka koma man gyaɗa, shi ma ya gagara, na dinga jiƙa yatsu da ruwa. Gashin mai yunwa ja yake yi, yana karyewa a hannu, dole ki sassauta. Wadda take da tafin hatsi ta ba ni, wadda take da ice ta kawo, wata kuma sai dai ta ce Allah ya saka. Maza suka cika kamiyo, manyan motocin kaya, suka nufi Kudu neman abinci.

A wannan shekarar Rakiya ta fara zuwa. 'Yar Durum ce, siririya, mai gashi har kafaɗa. Mijinta Sale ya kawo ta gidan kawunta Malam Habu a unguwar Zango, kusa da mu, kafin ya tafi Kudu. Ana gobe zai tafi na yi mata shuku ƙanana, na ɓata masa lokaci don gashin ya cancanta. Sale ya zo ɗaukarta, ya tsaya a bayan zana, da kunnena na ji ya ce, "Kai, wannan kitso ya yi. Kafin ya tsufa na dawo." Magana ce irin ta maza a bakin ƙofa, ni ko a jikina.

Kitso irin wannan yana yin mako uku bai tashi ba. Laraba na zagayowa sai ga Rakiya, wai in tsefe in sake. Na ce, "Ke, ai ko gefensa bai motsa ba." Ta ce ita dai a sake, irin na ranar nan. Na sake. Wata Larabar ta dawo. Sai da muka jera haka na gane lissafinta: muddin kitson bai tsufa ba, to Sale bai saɓa alkawari ba.

Bayan 'yan watanni wani shofa mai tuƙa kamiyo ya zo gidan Malam Habu da saƙo. Sale ya ce a gaban shaidu ya sawwaƙe mata, ba shi da abin ciyar da kansa balle mace, kada ya riƙe 'yar mutane a banza. Duk unguwa ta ji. Da Laraba ta zo, sai ga ta da ɗan icenta a hannu, ta shimfiɗa tabarma da kanta.

Na ce, "Rakiya, na ji abin da ya faru. Allah ya sa haka shi ya fi alheri."

Ta ce, "Amin, Yaya. Irin na ranar nan za ki yi mini."

"Wa za ki yi wa?"

"Ai bai ce ba zai dawo ba."

Ita kan nata ba ajiye shi take yi ba, danna shi take yi a cinyata da dukan nauyinta, hannunta ɗaya riƙe da idon sawuna. In na miƙe don in duba tukunya, zumbur take tashi. In na yi shiru ina tsaga, sai ta ce, "Yaya, fushi kike yi da ni?" In na yi hamma, ta ce, "Kin gaji da ni ko?" A yini ɗaya sai ta tambaye ni haka har in rasa haƙuri in ce, "Ke, ki bar ni in yi aiki mana!" Daga nan kuma sai kuka da ban haƙuri, in rasa inda zan sa kaina. Ba ta ci, ba ta barci. Kullum tana tasha, duk kamiyon da ya shigo daga Kudu sai ta tare shi ta tambayi Sale.

Mata suka sa ta a gaba. Masu gori suna cewa namiji ba ɗan goyo ba ne, ta yi wa kanta faɗa. Masu tausayi suka ce ba banza ba, asiri Sale ya yi mata kafin ya tafi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Malam Habu ya kai ta likita, lokotoro ya auna ta ya ce jininta ya yi ƙasa, ya ba ta ƙwayoyin da suka sa ta ɗan runtsa. Kowa ya yi iyakar abin da ya sani. Sai ranar da ta hango wani mutum a bayan kamiyo da hula irin ta Sale, ta bi motar da gudu har bayan gari, ba mayafi, yara na binta. Ran Malam Habu ya ɓaci. Ya ce ta taɓu, in ta ƙara, ƙauye zai kai ta wurin mai magani a sa ta a turu. Ni na taɓa ganin mace a turu tun ina yarinya, ƙafa a cikin gungumen ice, kuma na san kaɗan ne suke fitowa da hankalinsu.

Wata Laraba ina shafa mata ɗan mai a goshi, inda gashin ya fara ja da baya, ƙuraje sun fito saboda yawan ja. Na tashi zan ɗauko ruwa na ce, "Ina zuwa." Sai ta damƙe zanina har ya kusa kwancewa.

Ta ce, "Yaya, don Allah ki daina ce mini kina zuwa."

Na koma na zauna. A nan ta ba ni labari, fuskarta a cinyata. Ita 'yar fari ce, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya. Ranar yaye aka kai ta gidan kakarta, daga nan ba a mayar da ita ba. Da ta yi wayo, uwar kan zo ganinta, in za ta tafi sai ta ce, "Zauna nan, ina zuwa," ta zame ta bayan gida. Ita kuma ta yini a bakin ƙofa. Kakar ta rasu, aka ba wata gwaggo riƙonta, daga can aka miƙa ta wani gidan. Ta ce, "Ni duk wanda ya ce mini yana zuwa, shi ke nan na rabu da shi."

Kusan dukanmu haka aka yaye mu, kuma ba mugunta iyayenmu suke yi ba, al'ada ce. Mafi yawa mun manta. Ashe akwai wadda abin yake zaune a ranta har ta girma, sai rabuwa ta zo ta tone shi. Na je wurin Gwaggo, a lokacin idonta ya tafi tana zaune a ɗaki, na kwashe duka na gaya mata. Ta ce, "Kada ki yi mata gardama, kada kuma ki yi mata ƙarya. Ki ba ta rana, ki riƙe." Na ce kan fa ya ƙi, ba ya ɗaukar ja. Ta ce, "To wa ya ce sai kin ja? Ki gyara baki-baki, ki shafa mai, ta tafi."

Ana cikin haka aka aiko daga ƙauyen Gafati, ana so in je in yi wa amarya doka. A shekarar nan biki ya yi wuya, kuma sun ce da gero za su sallame ni, gero na gaske, ga 'ya'yana sun gaji da jar dawa. Na kira Rakiya na ce, "Litinin zan tafi Gafati. Laraba kafin la'asar ina nan, ki zo kamar kullum." Ta dube ni ta ce, "Haka ake cewa." Ta tashi ta tafi.

Dokar amarya aiki ne na yini guda. Za ki raba gashin, ki naɗa tsumma mai tsabta ki yi masa matashi a tsakiya, ki ɗora gashin a kai ki kitse gefe da gefe har ya tsaya kamar tozo. Na yi wa amarya, na yi wa ƙawayenta da iyayen biki, yatsuna suka kumbura. Ranar Talata da yamma uwar amarya ta ce an ɗaga ɗaurin aure zuwa Alhamis, za a yanka akuya, in tsaya in ci nama. Ni kuwa na manta rabona da nama. Ta ƙara da cewa ko ina so in tafi ba hali, don bijimin da yake jan amalanken da ya kawo ni ya kwanta, ya kasa tashi.

Kada ku ɗauka wani dogon tunani na yi, ko na san ina ceton wani. Abin da ya zo raina kawai shi ne na faɗi Laraba, kuma Gwaggo tana da rai, za ta ji. Da na yi sallar asuba na ɗora geron a ka na kama hanya da ƙafa. Rana ta buɗe, yashi ya ɗauki zafi, ga mushen shanu a gefen hanya. Igiyar takalmina ta tsinke, na riƙe shi a hannu. Sau biyu na zauna a gindin adua ina zagin kaina da akuyar da na baro.

Rana ta karkata na shigo Zango. Matar Malam Habu ta tare ni a kan hanya ta ce, "Hajo, tun Litinin yarinyar nan ba ta runtsa ba. Jiya a tasha aka ɗauko ta. Malam ya riga ya yi magana da mai amalanke, gobe za a tafi da ita." Na wuce ban ko sauke kaya ba. Rakiya tana zaune a bakin ƙofarmu, bayanta jingine da bango. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafafuna da suka fashe, ta daɗe tana kallonsu.

Ta ce, "Kin dawo."

Na ce, "Yau ba Laraba ba ce? Tashi ki sauke ni, wuyana zai karye."

Ta sauke ni, ta ɗebo mini ruwa na sha. Na kife turmi na zauna, ta kwanta. Na ɗauko mai zan shafa mata kamar yadda muka saba, sai ta ce, "Yaya, tsefe."

"In sake miki?"

"A'a. Ki tsefe kawai."

Na sa tsinke na fara warwarewa. Gashin yana biyo matsefi, ina tarawa a gefe ina rufewa da zani don kada ta gani. Ta gani. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, mai sauti, tana kiran sunan Sale, ita da ba ta taɓa faɗinsa a gabana ba, tana cewa ya sake ta, ya sake ta. Ban ce mata ta yi shiru ba. Da ta lafa na ɗaura mata kallabi, na ɗingisa har zauren Malam Habu na durƙusa na ce, "Malam, a bar mini ita zuwa damina. In ta sake bin mota, ni da kaina zan raka ku." Ya ce Allah ya ba ni ikon abin da na ɗauka.

Ba a ranar ta warke ba, kada wani ya ruɗe ku. Ta ci gaba da leƙa tasha jefi-jefi, ta ci gaba da tambayata ko na gaji da ita. Na daina yi mata tsawa, amsa ɗaya nake ba ta kullum: ban gaji ba, sai Laraba. Matar kawunta ma ta koyi abin, in za ta fita sai ta faɗa mata inda za ta da lokacin da za ta dawo, kuma ta dawo. Kan yana tsefe a cikin kallabi, ina wanke shi da karkashi ina shafa mai. A hankali ta fara cin abinci, ta fara barci, wata rana har ta saki ƙafata ba ta sani ba. Allah ya kawo ruwa, gyaɗa ta yi, ta fara soya ƙuliƙuli tana sayarwa. Sabon gashi ya tsiro a goshinta, na yi mata zane manya-manya, sako-sako.

Na gode wa Allah da ya ba ni wannan sana'a, na gode wa Gwaggo, Allah ya jiƙanta, da ta kafa mini ƙa'idar da ban san amfaninta ba sai da ta yi aiki. Ita ma Rakiya ina gode mata, don bayan ita ban ƙara yi wa mai yawan tambaya tsawa ba, kuma in na ji wuya ya yi tauri a cinyata ban yarda da dariyar mai shi. Ku ma in mace ta zo muku bayan rabuwa, ku ajiye wayar nan tukuna.

Sale ya dawo bayan an yi kaka biyu masu kyau. Ranar ina yi wa Rakiya kalaba, na kai rabi, sai matar kawunta ta shigo da sauri ta ce ga Sale can a zauren Malam, ya zo da goro da turmin atamfa, yana neman a mayar da aure, kuma yana so ya gan ta. Na ɗaga hannu daga kanta don ta tashi.

Ta ce, "Inna, ki ce masa ana yi mini kitso. Ba a tashi da rabin kai."

Na ci gaba. Ban yi sauri ba, ban kuma ja lokaci ba. Da na ƙarasa layin ƙarshe ta tashi ta kaɗe zaninta, ta yafa mayafi ta fita. Na zauna da tsinke a hannu, na kasa ko share gashin da ya zuba. Ba ta daɗe ba ta dawo. Ta ce sun gaisa, ta tambaye shi tsohuwarsa, ta ce masa ta yafe masa duniya da lahira, amma ya ba wata atamfar. Ta zauna a bakin tabarma tana warware mayafi a hankali kamar mai son tuno wani abu. Can ta ɗago ta dube ni, da mamaki na gaskiya a fuskarta.

Ta ce, "Yaya, ashe gajere ne."